Hannun Hagun Orrin Tillery

Sau tara aka sallami Orrin Tillery daga aiki, kuma ko sau ɗaya ba don ya yi laifi ba. Haka sana'ar take. Duk shekara, idan zafi ya kankama a ƙarshen Yuli, kowace ƙungiyar ƙwallon Amurka, irin wadda ake jefawa da hannu ana cafewa, takan kwashi mutum casa'in ta kai su sansani, ta gasa su a rana, kafin Satumba ta zaɓi hamsin da uku, ta ce wa sauran su kama gabansu. A cikin hamsin da ukun nan kujerun masu jifa uku ne kacal: tauraro, mataimakinsa, sai na uku, wanda galibi ko taɓa ƙwallo ba ya yi ranar wasa. Wannan kujera ta uku Orrin ya ƙare ƙuruciyarsa yana bi. Wata shekara ya samu, wata ya rasa.

Irinsa suna da suna a sansani, ana ce musu hannun aro. Kafaɗar tauraro tsada gare ta, ba a barinsa ya wuni yana jifa don kawai masu cafewa su motsa jiki. Sai a nemo wanda kafaɗarsa ba ta dami kowa ba, a sa masa jar rigar nan ta masu jifa da ke hana a kayar da mutum a atisaye, ya yi ta jifa har Agusta ta ƙare, a yi masa godiya.

A wani ƙaramin gari na jihar Kansas aka haife shi, ɗan direban motar hatsi. Tun yana yaro idonsa ke kwafar jikin mutane. Ba murya yake kwaikwayo ba, motsi. Idan ya biyo titin gidansu da tafiyar ubansa, uwarsa takan ɗora kofi a wuta kafin ta gane ɗanta ne. A jami'a wani koci ya lura da wannan baiwa, kuma tun daga ranar Orrin bai sake zama kansa a fili ba. Ranar Litinin a ba shi bidiyon mai jifan ƙungiyar da za a kara da ita, ranar Laraba ya fito ya zama mutumin. Wanda ke ɗan bubbuga ƙwallo kafin ya saki, wanda ke lasar yatsu, wanda gwiwa ke damunsa yana jingina a ƙafa ɗaya, duk Orrin zai kawo su fili, 'yan tsaron baya su yi ta gwada ƙarfinsu a kansa. Ranar Lahadi idan suka haɗu da na gasken, sai su ji kamar tare suka tashi. Ba a nuna wannan aiki a talabijin, ba a kuma tafa masa.

Matarsa Darla, wadda ke tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta, ta saba. Idan ya shigo gida da wata baƙuwar tafiya sai ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Yau kuma da wa zan ci abinci?"

Idan kakar wasa ta ƙare, rufin gidaje yake yi. A watan Maris na shekarar da ya cika talatin da huɗu yana kan wani rufi, rediyo na ta surutu daga tagar motarsa, ya ji labarin Dane Varner. Varner shi ne tauraron ƙungiyar birnin bakin tafki. Kwantiraginsa ya kusa ƙarewa, yana son sabo, masu ƙungiya na jan ƙafa, shi kuwa ya ce ƙafarsa ba za ta taka sansani ba sai an sa hannu. Masu sharhi suka yi ta musu a kan wanda zai fara saukowa. Orrin bai saurari wannan ba. Abu ɗaya ya tsaya masa: Varner bahago ne.

Ƙwallon nan mai tsini biyu juyawa take a iska kamar ƙusa. Idan na dama ya jefa, ta juya ta wannan gefe, ta kuma ɗan karkata ta can wajen sauka. Idan bahago ne, komai ya koma a juye. Ido ba ya kama bambancin sosai, amma tafin hannu na kamawa. Bahagwai kuwa ba su da yawa a wannan sana'a, ba ka samun na aro a kasuwa.

Orrin ya mayar da guduma hannun hagu. Haka ya ƙarasa rufin ranar, kuma babban yatsansa na dama ya sha duka.

Hannun ba baƙo ba ne gaba ɗaya. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya faɗo daga motar ciyawa ya karya wuyan hannun dama, ya yi bazara guda yana jifa da hagu don kada zaman banza ya kashe shi. To amma jifan yaro daban, jifan Varner daban. Ya rataya tsohuwar taya a bayan gareji, ya jingina waya a kan bokiti da bidiyon Varner a ciki, ya fara. Makon farko ko garejin ba ya samu kullum.

Darla ta fito wata yamma da kwandon wanki a kwiɓi, ta tsaya tana kallo.

"Orrin, wa ya kira ka?"

"Ba kowa."

"To wa kake yi wa wannan wahala?"

"Za su kira. Mutumin ba zai zo sansani ba, su kuma sun ɗebo sababbin yara masu cafewa da ba su taɓa ganin ƙwallon bahago ba."

"Su suka gaya maka?"

"A'a."

"Taga biyu ka fasa min."

"Ɗaya da rabi. Waccan tsagewa ta yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwandon. "Ka tuna abin da ka ce bara. Wannan ce ta ƙarshe. Idan Satumba ta same ka ba kujera, jakar nan taka za ta hau saman sili, kuma ni zan ɗora ta da hannuna."

"Na ce, kuma ban janye ba."

Ya ɗauki wata ƙwallon. Ta wuce tayar da nisa, ta faɗa cikin tumatirin maƙwabci.

A Yuli mutanen ƙungiyar Varner suka kira. Ba su san komai game da taya ba, hannun aro kawai suke nema, mai hankali, wanda ba zai kawo rigima ba. Mataimakin Varner ya riga ya zauna daram a kujerarsa. Ta uku kuwa tsakanin Orrin ne da wani saurayi mai suna Kip Sorley, ɗan shekara ashirin da uku, wanda idan ya saki ƙwallo har fito take yi.

Sansanin a wata ƙaramar jami'a yake, cikin gonakin masara. Varner bai zo ba. Kullum 'yan jarida na bakin shinge suna tambayar manaja, manaja na cewa ana tattaunawa. Koci Dombek, wani gajere mai jar fuska da ba ya rabuwa da cingam, ya sa an juya injin tofo ƙwallo don ya riƙa fitar da juyin hagu. Amma inji a wuri ɗaya yake tsaye. Ba ya ja da baya, ba ya gudun masu kawo hari, ba ya jiran mai gudu ya karya kwana. Yaran na cafe ta inji, kuma kowa ya san wannan ba ya nufin komai.

Wata safiya Orrin ya je ya tsaya kusa da shi.

"Koci, ka ba ni 'yan sahun farko na ɗan lokaci."

"Ba layinka ba ne, Tillery."

"Na sani. Ka ba ni dai."

Dombek ya dube shi, ya tauna cingam, ya ɗaga kafaɗa.

Orrin ya zare ɗan tawul ɗin da ke ɗamararsa daga dama ya mayar hagu. Ya nufi layi, kuma tun kafin ya isa tafiyarsa ta sauya: kafaɗa ɗaya ta sauka, wuya ya miƙe, taku ya yi faɗi. Ya sunkuya bayan ƙaton da ke miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, ya sa hannu. Ƙaton nan, wanda ya shekara shida yana miƙa wa Varner, ya miƙe tsaye ya waiwaya.

"Me ya faru?" in ji Dombek.

"Ba komai, Koci. Hannun Dane na ji."

Aka sake jeri. Ƙwallo ta fito. Orrin ya ja da baya ta gefen da ba nasa ba, ya yi ɗan tsallen nan na ƙafa ɗaya da Varner ke yi kafin ya saki, hannun hagu ya zagayo. Ƙwallon ta tafi tana juyi a juye, ta sami wani sabon yaro mai suna Tavion a tafin hannu, ta zame ta bugi ƙirjinsa ta faɗi.

Ba wanda ya yi wa Tavion tsawa. Masu ɗaukar ruwa sun tsaya da gorunansu, mai kyamara a saman hasumiya ya leƙo da kansa don ya gani da idonsa. Mutanen nan sun ga masu gudu kamar barewa, sun ga masu ɗaga ƙarfe kamar ba nauyi, abin mamaki ya daina ba su mamaki. Amma ba su taɓa ganin mutum ya tuɓe hannunsa ya sa na wani ba.

Dombek ya cire cingam daga bakinsa. "Sake," ya ce a hankali.

Bayan atisaye ya ja shi gefe, ƙarƙashin inuwar hasumiya.

"Tun yaushe?"

"Maris."

"Nisa fa?"

"Gajere da matsakaici ina kaiwa. Dogo ba kullum ba."

Dombek ya nuna sama da yatsa. "Ka ga kyamarar can? Duk abin da ta ɗauka manaja ke kallo, kuma da shi yake sallamar mutane. Idan ka ci gaba da hagu, abin da zai gani tsoho ne da ƙwallonsa ke mutuwa a hanya, ga kuma Sorley yana harba igwa. Ba zan iya kare ka ba. Gara in faɗa maka yanzu."

"Me ƙungiya ke buƙata?"

Dombek ya sauke yatsansa. "Hagu."

"To shi ke nan."

Haka aka ci makonni. Kafaɗar hagu ba ta saba da wannan nauyi ba, ta kumbura ta yi zafi. Da yamma a ɗaure masa ƙanƙara, a ɗakin cin abinci ya kasa ɗaga kofi da hannun, da safe ya koma fili ya ɗaga ƙwallo da shi. Dogayen jifansa na faɗuwa kafin su isa, wasu 'yan tsaron baya su tsince su a iska, kuma duk ana lissafa su da sunan Tillery. Gajerun kuwa suna zuwa daidai lokacin da Varner zai kawo su, daidai inda zai ajiye su.

Tavion ya fi kowa shan wuya, kuma shi ma kujerarsa rawa take. Idan aka tashi, sai shi da Orrin su rage a fili.

"Tsoho, hannun nan naka ne ko haya ka ɗauko?"

"Kai dai cafe. Yatsunka kamar an shafa musu man gyaɗa."

"Ƙwallonka ce ke tafiya kamar ta sha giya."

"Haka ta mai gidanka ke tafiya. Daina bin ta da ido, bar hannunka ya jira ta a wancan gefen. Koma."

Sorley ma, wanda ba mugun yaro ba ne, ya taɓa zama kusa da shi yana kallon ƙanƙarar. "Baba, ka san kujerar kake miƙo min ko?"

"Ba tawa ba ce balle in miƙa. Ka gyara ƙafarka ta baya, tana zamewa idan ka yi sauri."

Ana gab da rufe sansani aka sa hannu a kwantiragin. Varner ya iso cikin baƙar mota, 'yan jarida na bin ta da gudu. Ya sa jar riga ya shiga fili, kowa na jiran ganin ƙwallaye a ƙasa, don haka ake yi idan tauraro ya makara. Ya jefa ta farko, Tavion ya cafe. Ya jefa wa wani, ya cafe. Ya bi sababbin yaran ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ko sunansu bai sani ba, kowanne ya ɗauke ta a iska kamar an haife shi da ita. Ƙasa ba ta ga ƙwallo ba ranar.

Varner ya tsaya da ƙwallo a hannu. "Wa ke jefa muku?"

Tavion ya nuna benci da haɓa.

Aka kai Varner ɗakin bidiyo aka kunna masa. Ya zauna yana kallon kansa a jikin wani. Da ya fito ya sami Orrin a bakin ƙofar ɗakin kaya.

"Wannan tsallen fa? Ni nake yinsa?"

"Kai kake yi."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka ji ciwo a idon sawu, shekara uku ke nan. Ba ka son taka shi da ƙarfi."

Varner mutum ne da ba ya rasa abin faɗa a gaban kyamara. Yau kuwa hannun hagu kawai ya miƙa, Orrin ya ɗaga nasa da ƙyar suka gaisa.

Wasan gwaji na ƙarshe shi ne inda 'yan gefe ke nuna kansu. Manya na zaune da hulunan rana, rabin filin babu kowa. Sorley ya yi wasansa, ya yi kyau. Da ya rage saura kaɗan a tashi, Dombek ya juyo.

"Tillery, shiga. Da dama."

"Kamar wa?"

"Kamar kanka."

Orrin ya tsaya riƙe da hular kwano, kamar wanda aka tambaya hanyar gidan da ya bari tun yana yaro. Sannan ya sa hular ya shiga.

Ba wanda ya taɓa ganin wannan mai jifan. Ba tsalle, ba bubbuga ƙwallo, ba ado ko kaɗan. Ya ja da baya, ƙwallo ta fita daga kusa da kunnensa kafin ido ya kama. Ya kai 'yan ƙungiyarsa gaba, ya sake kai su gaba. Manyan da ke benci suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, har Varner. Da suka kai tsakiyar fili Orrin ya hango Tavion ya tsere wa mai tsaronsa, ya saki dogon jifa. Ƙwallon ta hau sama tana juyi lafiya lau, ba ko girgiza, ta rataya a can kamar ba za ta sauko ba, sannan ta sunkuyo daidai layin ci. Waɗanda suka gan ta har yau suna maganarta.

Tavion ya miƙa hannu, hannun ya jira ta a wancan gefen, inda aka koya masa. Ita kuwa ta dama ce. Ta karkata ta inda ba ya tsammani, ta goge yatsunsa, ta faɗi a ciyawa.

Yaron ya dawo benci ya kasa ɗaga kai. "Tsoho, na kashe ka."

Orrin ya cire hula, ya goge fuska. "Wa za ka cafe wa ranar Lahadi, ni ko Dane?"

"Dane."

"To hannunka na nan inda ya kamata." Ya buga masa hular kwano da tafin hannu. "Tashi, kyamara na kallonka."

Kowace ƙungiya na da mutum ɗaya da ke zagaya ɗakuna ranar yanka, wato ranar sallamar waɗanda ba a zaɓa ba. Na wannan ƙungiya sunansa Harlan, dattijo mai ɗingishi, wanda duk sansani ake wasa da dariya da shi sai wannan safiya. Ranar ba ya karyawa da kowa. Ƙattin da ba sa tsoron karo sukan yi tsit a bayan ƙofa suna sauraron takunsa, ko zai wuce. Kalmominsa ba sa sauyawa.

Ya ƙwanƙwasa. Orrin ya buɗe, jakarsa a kan gado a ɗaure. Dama bai taɓa kwance ta duka a wani sansani ba.

"Koci na son ganinka," in ji Harlan. "Ka taho da littafinka."

"Ta goma ke nan, Harlan."

"Na sani." Dattijon ya dubi ƙasa. "Shekara ashirin ina wannan zagaye. Ban taɓa tsayawa a bakin ƙofa na kasa ɗaga hannu ba sai yau."

Dombek bai yi dogon bayani ba. Sorley yaro ne, gabansa a buɗe yake, manaja ya zaɓi gaba, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Tavion ya samu shiga. Orrin ya ajiye littafin dabarun ƙungiya a kan tebur, suka yi musabaha, ya jefa jaka a bayan motarsa ya kama hanyar yamma.

Ya tsaya shan mai a wani wuri cikin jihar Illinois, rana ta take, waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Mutumin ya ce shi mataimakin manaja ne na ƙungiyar birnin bakin kogi, wadda ke karawa da ta tafki sau biyu duk kaka, wadda kuma Varner ya daɗe yana wa cin kaca.

"Wani yaro da aka sallame ku tare ya zo mana gwaji. Ya ce kana da Varner a jikinka. Gaskiya ne?"

"Ina da hannunsa."

"Kujerarmu ta uku a buɗe take. Ba ta sansani ba, ta kaka."

Orrin ya dubi masarar da ke ƙetaren titi. "Yallaɓai, bari in faɗa tun yanzu. Littafinsu na mayar musu, kuma abin da ke cikinsa ba zai fito daga bakina ba. Hannu dai nawa ne, ni na yi shi."

"Hannun muke so. Gobe da safe za ka iya?"

Ya kira Darla. Ta saurara har ya gama, ana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Na riga na share wa jakar wuri a sama," ta ce.

"Ki bar wurin. Ba zai gudu ba."

"Kujera ce ta gaske?"

"Ta gaske."

"To da wa zan riƙa cin abinci?"

"Da bahago, sau biyu. Sauran makonni sai abin da Litinin ta kawo."

"Ka sa ƙanƙara a kafaɗar nan, Orrin."

Ya shiga kantin gidan man ya sayi kofi. Yarinyar da ke kanta ta turo masa ta gefen dama. Ya zagayo da hannun hagu ya ɗauka. Kafaɗar na zafi, kofin na neman zuba, amma bai sauya ba har ya kai mota. Ya fita daga gidan man, ya bar hanyar yamma, ya juya kudu, ya nufi birnin bakin kogi.